Kwana biyu da ɗan jagora: daga Takai zuwa Gaya

Ranar Alhamis da ƙarfe 6:30 na safe muka bar Kano ta Mariri, mu huɗu, direba na biyar, ɗan jagora na shida, cikin Sharan da muka ɗauko shata. Tun ranar Litinin aka ƙulla magana: kwana biyu, Takai da Birnin Kudu ranar farko, a kwana Dutse, washegari a shiga Garu, tsohon garin Dutse, a yi Juma'a a Gaya, a biyo ta kasuwar Wudil a dawo gida. Zagayen duka, har da shige da fice cikin garuruwa, kilomita 320 ne ko kusa da haka. Mai duba taswira zai ce ai yini guda ya isa. Ya isa mana, in kwalta aka fito kallo.

Alhamis da Juma'ar nan ba haka kawai aka zaɓe su ba. Duwatsun Birnin Kudu masu tsohon zane suna hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ma'aikatanta kuwa ranar aiki aka fi samunsu, kasuwar shanun Wudil kuma Juma'a take ci. In aka juya zagayen aka fara da Gaya ranar Juma'a, sai a faɗa cunkoson Wudil tun da safe, a isa Birnin Kudu ranar Asabar ana ta kiran waya ana neman wanda zai raka mutane. Watan ma an duba shi: ƙarshen Nuwamba, an kwashe gero, ana yankan dawa, ciyawa ta kwanta, hazo bai yi kauri ba tukuna. Da damina falalen dutse santsi gare shi, shuka kuma takan rufe ragowar ganuwa har a wuce ta ba a sani ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, tun ƙarfe 10 dutse ke ƙona tafin hannu.

Amfanin jagoran da kuka ɗauka ku kaɗai, ba tare da wata ƙungiya ba, shi ne lokaci a hannunku yake. Inda abu ya yi armashi ku daɗe, inda babu ku wuce. Amma fa sai an dace da mutumin. Tambaya uku nake yi wa duk wanda za a ɗauka: wa za mu fara gaisarwa a kowane gari, ina za mu yi azahar, me kuma za mu bari in lokaci ya ƙure? Wanda ya ce "ai komai za ku gani, ranka ya daɗe" bai taɓa yin tafiyar ba. Namu ya amsa na ukun ba tare da ya yi tunani ba, ya ce Takai za a gutsure, ba za a taɓa Birnin Kudu ba. Ya kuma faɗa tun farko cewa a kowane gari sai ya haɗa mu da ɗan gari, ladansa kuma daban ne. Wannan gaskiya ce da ya kamata a ji ta kafin a tashi. Jagoran birni ya san shekaru da jerin sarakuna, amma bai san gonar wa za a ratsa kafin a kai bakin ganuwa ba. Da ɗan gari kan ci gari.

Abin da aka yanke kafin a ba da kafin alƙalami: rabin kuɗin jagora da na mota a hannu, rabi in an dawo, man fetur namu ne, abincin direba da jagora da ɗakin kwanansu namu ne, faci da duk abin da ya lalace a mota na mai mota ne. Duk rigimar da nake gani a irin wannan tafiya daga ɗayan huɗun nan take tasowa, galibi da daddare a ƙofar masauki. Mota irin wannan, da mutum shida da na'urar sanyi a kunne, takan ci lita ɗaya a kilomita 8 zuwa 9, don haka muka ƙiyasta lita 40, muka zuba 45 tun daga Kano. Da yammacin Laraba aka duba safaya aka tabbatar da iska a cikinta, ba kallonta kawai aka yi ba, aka ga jak da sifanar taya da takardun mota. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a yini. Tsabar kuɗi ƙananan takardu, 'yan ɗari biyar da 'yan dubu, domin a gindin dutse babu mai POS, sabis ma sai an ɗaga waya sama. Sai goro rabin ƙwarya, wato guda 50, aka ƙulla shi goma goma cikin ganye mai laima, ƙulli biyar. Tocila biyu. Babu mai fesa turare, zan faɗi dalili in mun kai dutse.

A Wudil ba mu tsaya ba. Ana haye gada hanya ta rabu, ta hagu ta nufi Gaya, ta dama ta nufi Birnin Kudu. Muka bi dama, ƙarfe 8 da 'yan mintoci muna Takai.

Fada ba ta cika da sassafe, sai hantsi ya ɗaga, mu kuwa ba mu da hantsin da za mu bayar. Saboda haka tun ranar Talata jagora ya aika aka nema mana iso, aka wakilta wani dattijo ya tarbe mu. Muka cire takalma a bakin zaure, muka durƙusa, jagora ya yi magana shi kaɗai:

"Baba, barka da asuba. Baƙin da aka yi maganarsu ne, sun zo ganin gari da jin tarihi, in an ba su dama."

"Madalla. Gari naku ne. Amma ban da hoton cikin gida."

"An ji, Baba."

Aka ajiye ƙullin goro da ɗan abin da aka sa a ƙarƙashinsa, ba a miƙa shi hannu da hannu ana ƙirgawa ba. Gaisuwar nan minti goma ta ci, kuma ita ce ta buɗe sauran. Baƙin da suka sauko daga mota suka ɗaga waya suna ɗaukar katanga kafin su yi sallama, su ne ake ce wa mai makulli ya tafi gona.

Takai gari ne da sarakunan Kano suka daɗe da sa wa ido. Tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, ya gina gida a nan har ya so ya zauna, fadawa suka ƙi. A ƙarni na 19 garin ya zama matsara ta fuskar Ningawa masu kawo hari daga kudu. Abin da ya fi fito da sunansa shi ne Basasa: da Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya fice daga birni da 'yan uwansa da magoya baya suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko, aka yi wa ƙanensa Alu mubaya'a, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Jin wannan a tsaye a ƙofar gidan sarki, ana nuna maka ta inda dawaki suka fita, daban yake da karanta shi. Minti 45 aka yanka wa Takai, minti 50 muka yi. Dattijon yana da sauran magana, ya kai ga jikokin waɗanda suka bi Yusufu, jagora ya yi masa godiya sau uku kafin ya sake mu.

Muka wuce Kwanar Huguma, muka shiga ƙasar Jigawa, ƙarfe 10 saura muna Birnin Kudu. Nan ne zuciyar tafiyar, duk wanda zai rage wani abu kada ya rage nan.

Ofishin hukumar aka fara zuwa, aka rubuta sunaye, aka haɗa mu da ma'aikaci ɗan gari. Duwatsun da ke da zane suna da yawa, akwai Dutsen Mesa, akwai Habude, akwai Murufu, akwai Zango. Kada a ce sai an taka duka. Biyu sun isa yini guda in ana so a gani da kyau, mu Mesa da Habude muka ɗauka. Ana barin mota inda burji ya ƙare, a ƙarasa da ƙafa. Babbar riga a bar ta a mota. Takalmi sau-ciki mai ƙasan roba, ban da silifas, ban da na fata mai santsi. Mata su sa wando a ƙarƙashi, hijabi kuma wanda bai kai ƙasa ba, don hannu biyu ake buƙata wajen hawa. Ɗan gari a gaba, jagora a baya, mai rauni a tsakiya. Ba a cusa hannu cikin tsagar dutse don neman madafa, nan maciji da kunama ke fakewa.

Maganar turare: zuma na yin gida a kogunan nan. Ƙamshi mai ƙarfi da hayaƙin taba da hayaniya suna tayar da ita. In ta taso ba a kaɗa hannu, ba a gudu a kan dutse, domin faɗuwar ta fi harbin. A rufe fuska da mayafi ko hula, a gangara a hankali ta inda aka hau. Ma'aikacin yakan tsaya ya saurara kafin ya ce a matso, in ya tsaya kowa ya tsaya.

Zanen yana ƙarƙashin manyan duwatsu da suka yi rumfa, inda ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye. Wanda ya shigo daga rana ba ya ganin komai da farko, sai dabbare-dabbare. Nan ne mafi yawan baƙi ke yin hasara: su leƙa, su ce "wannan ne?", su ɗauki hoto ɗaya su fita. A zauna minti biyar ido ya huce. Sannan a kunna tocila a riƙe ta daga gefe, haske ya kwanta a jikin dutsen, ba a haska shi gaba da gaba ba. Sai ƙaho ya fito, sai gadon baya, sai ƙafafu. Shanu ne akasari, da jan launi, wasu an cike jikinsu, wasu layi kawai aka ja. Ma'aikacin ya sa yatsa a iska, bai taɓa dutsen ba, ya bi bayan wata saniya tun daga wuya har gindin wutsiya, ya ce, "Malam, ina tozonta?"

Babu. Shanun da ke jikin dutsen nan ba su da tozo, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere irin na muturu, ƙananan shanun kudu. Shanun da muka sani yau a ƙasar Hausa kuwa duk masu tozo ne, kuma marasa tozon sun riga su zama a wannan yanki na Afirka. Wannan ita ce hujjar tsufan zanen da ido ke iya gani, kuma jagora na ƙwarai ita yake nuna maka. Wanda ya buɗe baki ya yanka maka shekara kaza cif, kamar yana wurin ranar da aka zana, ka bar masa lissafinsa. Bature Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya yi nazarin wurin a shekarun 1950 ya sanar da duniya, amma mutanen gari sun san duwatsunsu tun kafin ya zo.

Abu uku ke kashe irin wannan zane, kuma duk baƙi ne ke kawo su. Na farko watsa ruwa don launi ya fito a hoto: yana fitowa na minti biyu, in ya bushe gishirin dutse ya taso ya bar farin tabo a kai. Na biyu shafawa da hannu, gumi da maiƙo suna dusashe shi. Na uku bin layin da alli ko gawayi, da rubuta suna a gefe, abin da ke ba ni takaici fiye da sauran, don ɗalibai ne suka fi yi, waɗanda aka kawo su su koya. In hoto ake so, a kashe filashin waya, mutum ɗaya ya riƙe tocila daga gefe, wani ya riƙe biro kusa da zanen ba tare da ya taɓa ba don a gane girmansa. A kula da kai in za a miƙe, rufin ƙasa-ƙasa yake.

Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa. Falle ne na dutse da ya rabu da uwarsa ya zauna a kan wurare biyu ko uku kawai, ƙarƙashinsa fayau, don haka in an buga shi sai ya yi amo kamar ƙarfe maimakon ya yi dum. Za ka gane su da 'yan ramuka masu sulɓi a gefensu, inda aka shekara aru-aru ana duka. Da izinin ma'aikaci ake bugawa, da ɗan dutse cikin tafin hannu, a cikin ramin da yake nan tun da, ba a buɗe sabo ba. Kowane rami da muryarsa, wani siriri, wani kauri, in mutum biyu suka iya hannu sai ka ji kamar kalangu na amsa wa ganga. Ɗan garin ya ce a da amare kan zo nan da ƙawayensu gabanin biki su yi ta kiɗa. A Habude ya buga mana, amon ya bi ta tafin ƙafa kafin ya kai kunne.

Awa biyu da rabi muka yi tsakanin duwatsun biyu. Ƙarfe 12:30 dutse ya fara ɗumi ko da yake hunturu ne, muka sauko. Azahar a cikin gari, abinci kuma mara nauyi: fura da nono, ɗan tsire, shi ke nan. Tuwo ko shinkafa da rana tsaka ya kashe yammacin baƙi da yawa, a shiga mota kowa ya yi barci jagora na ta bayani shi kaɗai.

Matsala ɗaya da muka samu a tafiyar nan ta taya ce, dalilinta kuma sananne. Direba ya ga mun daɗe, ya ce bari ya matso da mota ya rage mana tafiya, ya ratsa gefen gonar da aka yanke dawa. Tushiyar kara bayan girbi tsini gare ta kamar mashi, ta huda gefen tayar baya. Da yake safaya na da iska, minti 15 aka canja, aka tsaya wajen mai faci a Kwanar Huguma aka ƙara minti 20. Hudar gefe ba ta riƙe faci da kyau, don haka aka bar safayar a ƙafa, wadda aka liƙa ta koma ajiya. Ba a shiga sauran tafiya babu ta ajiya, ko da kilomita 50 ne kacal tsakanin Birnin Kudu da Dutse.

La'asar a Dutse. Kafin a sauke kaya a masauki a tambayi abu uku: ruwa na zuwa, ƙarfe nawa ake kunna janareta a kashe, akwai wurin ajiye mota a ciki. Da yamma muka hau ɗaya daga cikin duwatsun da suka kewaye garin, hawan minti 20, muka ga yadda gidaje da itatuwan dabino suka cusa kai tsakanin duwatsu. In hazo ya sauko wannan hawan ba shi da riba, a bar shi. Bayan isha jagora ya zauna da mu rabin awa, muka bi abin da kowa ya rubuta, ya gyara sunayen da aka cakuɗa, ya kira mutanen Garu da na Gaya ya tabbatar da gobe. Wannan zaman yana cikin aikinsa, a faɗa masa tun farko.

A nan ne wani cikinmu ya kawo shawarar a ƙara Rano ko Haɗeja. Jagora ya ƙi, na kuma goyi bayansa. Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga Hausa Bakwai, tana kudu da Kano ne, hanyarta daban, ranarta daban: a haɗa ta da Kura, inda rawanin nan ɗan Kura mai sheƙin baba ya samo suna, da Bebeji, inda sojojin Turawa suka fasa ƙofa da igwa a 1903 a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Haɗeja kuwa, da ganuwarta da labarin yaƙinta da Turawa na 1906, ba garin da za a leƙa a tsaitsaye ba ne.

Juma'a ƙarfe 8 muna Garu, tsohon garin Dutse, inda fada take. Sabuwar Dutse ta sakateriya da manyan tituna ta taso ne bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Garu kuwa tana nan tun Dutse na ƙarƙashin Kano, tun zamanin da Sarkin Kano Kumbari, mai sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kawo mata yaƙi lokacin sarkinta Ada. Ɗan garin ya ba mu labarin maharbin da ake cewa shi ya fara zama a wurin, da gadar da ta gilma masa wur, har aka sami Dutse Gadawur. Labarin kaka da kakanni ne, haka ya kira shi, ban kuma ji ya ƙara masa gishiri ba.

A fada dogari ne ke shigar da baƙo, shi ke nuna inda za a tsaya da inda za a cire takalmi. Abin kallo shi ne ado: zanen da aka tayar a jikin bango aka bi shi da launi, dagi da sarƙa da sauransu, da zanko a kusurwoyin soro. In an shiga soro na tsohon gini a ɗaga kai. Bakan gizon da ke riƙe da rufi azara ce aka jera, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori suka haɗu a tsakiya. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta da sauƙi, amma gajeren zango take iya ɗauka ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙirƙiro wannan dabara don su sami ɗaki mai faɗi babu ginshiƙi. A tambayi jagora wane bango ne tubali da makuba, wane ne siminti aka yi wa ado irin na da. In bai iya bambancewa ba, a ƙwanƙwasa da ɗan yatsa inda aka yarda, kunne zai faɗa. Muka sayi dabino a bakin hanya, ƙarfe 10:30 muka kama hanyar Gaya ta Shuwarin. Ranar Juma'a fada na da hidimarta, baƙo mai hankali ba ya bari a sallame shi.

Kilomita 45 ne, muka isa kafin 11:30, kai tsaye aka wuce da mu maƙera tun ba su kashe wuta don shirin masallaci ba. Dalilin zuwa maƙera a Gaya ba sayen lauje ba ne. Labarin kafuwar Kano yana cewa wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya tashi neman tama har ya kai Dala ya zauna, kuma har yau akwai Abagayawa a birni da ke danganta kansu da shi. Tama an daina narka ta, ƙarfen mota ake saya a sare, amma zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki suna nan yadda suke. A tsaya gefe, ba ta inda tartsatsi ke tashi ba, a sayi wani abu ko da 'yar wuƙa ce, domin mun tsayar da mutum daga aikinsa.

Daga nan ɗan gari ya fitar da mu bayan gari ganin ganuwa. Wanda yake jiran ya ga bango a tsaye zai koma da haushi. Ganuwar ƙauye da aka daina yi wa yaɓe tun shigowar Turawa tudu ce doguwa da ta ratsa gonaki, a bayanta akwai kwari inda aka ɗebi ƙasar ginin, wanda shi ne kuma ramin tsaro. Ana gane ta da lanƙwasarta, don ruwa ba ya tara ƙasa a zagaye haka. Inda tudun ya yanke hanya ta bi ta ciki, galibi nan ƙofa take. Kufai kuma kukoki ne ke tona shi: in ka ga manyan kukoki sun taru a fili babu gida, dubi ƙasa, za ka ga tsingaro, wani wurin har da kashin maƙera, baƙi mai nauyi mai ƙofofi. A ɗaga a duba a mayar inda aka ɗauka. Wanda ya zuba a aljihu ya raba abin da wurinsa, ya zama tsakuwa kawai.

Wani abu da na yaba wa jagoranmu a Gaya: da hira ta gangaro kan sarauta, ya ba da shekarun ya yi shiru. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo a 1981, aka soke a 1983. Aka sake ɗaga Gaya a 2019, aka sake sauya tsarin a 2024. Iyakar abin da baƙo ke buƙata ke nan. Wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, ba a zauren mutane ake tambaya ba, kuma jagoran da ya biye wa baƙi a kan wannan ya rufe wa na bayansu ƙofa.

In za a yi Juma'a a garin da ba naka ba, a ajiye mota nesa da masallaci, hancinta na kallon hanyar fita. Wanda ya kutsa kusa don gudun tafiyar minti biyar sai sahu ya rufe shi, ya yi rabin awa bayan sallama yana jiran babura su watse. Ƙarfe 2:30 muna kan hanya, kilomita 20 zuwa Wudil.

Wudil ta Makaman Kano ce, a bakin kogin da ya haɗa ruwan Kano da na Challawa ya nufi Haɗeja. Mota a bar ta can nesa da kara wajen mai gadi, a shiga da ƙafa bayan dillalin da jagora ya sani. Ana shiga a ce "kallo muka zo", kada a taya abin da ba za a saya ba, taya a kara magana ce mai nauyi. Ba a tsayawa daf da bayan sa, ba a ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, in an ji "hanya, hanya" a manne gefe tukuna a waiga daga baya. Dillalin ya bi da mu layi layi: ga Bunaji farare masu baƙin kunne, ga Rahaji jajaye masu ƙaho kamar an buɗe hannu, ga Bokolo masu guntun ƙaho da laɓɓa har ƙirji. Jagora bai ce komai ba, ya dai ɗora hannu a iska bisa tozon wani bijimi ya dube mu. Muka bi layukan da ido, ko ɗaya babu irin ta jikin dutsen jiya.

Minti 50 ya isa kara. Da la'asar ake fara lodin tireloli masu tafiya kudu, in suka fara jan jiki suna hawa kwalta, fitar da za a yi cikin minti biyar sai ta koma awa guda. Ƙarfe 4:15 muka tayar da mota. A cikinta aka cika wa jagora rabin kuɗinsa, aka ba direba nasa da tukwici, ba a cire masa komai don tayar ba tunda faci na mai mota ne tun a yarjejeniya. Goro ƙulli ɗaya ya rage, na Wudil da ba a sami zauren da za a ajiye shi ba, aka bar wa direba. Allurar mai tana ɗan sama da ja lokacin da muka shigo Mariri, tun ba a kira magariba ba.